Kurakuran da ɗalibai ke yi da bayanan kasuwa, daga rumfa har laburare

Na daɗe ina aiki a sashen taimaka wa masu bincike na laburaren wata jami'a a Jigawa, kuma duk lokacin rubuta kundin kammala digiri kuka iri ɗaya nake ji. Ɗalibi ya sha ranar Maigatari ko ƙurar Dawanau, ya tara farashin riɗi da gero da shanu, sai ya zo ya tsaya a gabana ido jajir. Ko dai bayanan sun salwanta, ko suna nan amma ba su da amfani. Na gaji da yi wa mutum ɗai-ɗai bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da wanda ya ci mini shekara guda cur: rubuta farashi ba tare da sanin ma'auni ba. Lokacin da nake digiri na biyu na bi kasuwannin ƙauye uku tun daga kaka har bazara, ina rubuta kuɗin mudun gero. Lissafi ya nuna mini ɗaya daga cikinsu ta fi sauran araha kullum, har na rubuta babi sukutum ina ɗora abin a kan kuɗin mota. Malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Mudun nan naka, kilo nawa ne?" Ban da amsa.

Na koma kasuwar na durƙusa gaban wani dattijo mai awo, na ce, "Baba, mudunku ɗaya ne da na waccan kasuwar?" Ya ce, "Ɗana, wane mudun?" Ya jawo guda biyu daga ƙarƙashin buhu. Ɗaya an bubbuge gindinsa ya shige ciki, ɗaya lafiyayye. Ya cika na farko har ya yi tozo, ya tare da tafin hannu, ya juye a na biyun, sai ga shi ko baki bai kai ba. A nan na gane arahar da na gina babi a kanta ta ƙaramin mudu ce kawai. Kuma kasuwar bara ba ta dawowa ka sake aunawa. Haka na jira wata kakar na sake aikin daga tushe.

Tun daga ranar ba na shiga kasuwa sai da ɗan sikelin rataye a jaka. Ina sayen mudu ɗaya da kuɗina, in auna sau uku, in ɗauki hoton mudun, in rubuta ko da tozo aka cika ko shafe baki aka yi. Idan tiya ce ko kwano in rubuta haka, idan buhu ne in tambayi mudu nawa ke cikinsa. Wasu abokan aikina suna ganin wahalar ta yi yawa, a ɗauki ƙiyasi ɗaya a yi amfani da shi ko'ina. Ni ban yarda ba, domin na ga abin da ƙiyasi ya yi mini.

A kara ma haka ne. Ka je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka ji an ambaci kuɗin sa, ka yi maza ka rubuta. To, tayi ne aka ce albarka, ko kuɗin da aka sallama ne? Da la'adar dillali a ciki ko babu? Sannan kwanan wata. Farashin da ba shi da rana ba farashi ba ne. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka buɗe ta Maigatari a Disambar 2020. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, kaya ɗaya kuɗi biyu gare shi, na tsaba daban, na tiransifa daban. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin ɗaukar buhu ya sauya gaba ɗaya. Wanda ya haɗa waɗannan lokutan a layi ɗaya ya fitar da matsakaici, ya dama kunu ne da fura.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, domin maganinsa ba ya cin ko sisi: ajiye aiki a wuri ɗaya. Wata ɗaliba ta yi makonni tana shiga gidaje tana naɗar hira da mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, matan da ba kowa suke buɗe wa baki ba. Komai yana cikin waya. Wayar ta ƙi kunnuwa, ƙaninta ya kai wa mai gyara, aka goge ta tas. Ta zo tana cewa, "Malam, don Allah ko akwai yadda za a yi?" Babu. Haba jama'a! Kun iya tura hoton biki ga mutum hamsin a dare ɗaya, amma hirar da digirinku ya rataya a kanta ba za ku iya tura wa kanku ta imel ba? Kada kuma wani ya ce mini yana da filashi, alhali filashin yana jaka ɗaya da kwamfutar. Ɓarawo jakar zai ɗauka duka.

Al'adata ita ce kwafi uku, kuma bayan sallar isha'i nake yi kullum, kafin barci. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin da ke kwana a wani gida, ɗaya a Google Drive da zarar na sami sabis, ko da sai na hau tudun bayan gari. Littafin rubutu ina ɗaukar hoton kowane shafi a ranar. Mai amfani da KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin bincike a waya, ya sani tana karɓar amsoshi ko babu intanet, amma sai ya tura su kafin su tsira. Takardun tambayoyi kuwa a adaka ake sa su, a ɗora a sama. Na ga waɗanda gara ta cinye a buhu, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja ba zai bar takarda a ƙasa ba. Fayil na asali ba a taɓa shi. Kwafa za ka yi ka yi gyara a kan kwafin.

Sauran ƙanana ne. Sa wa fayil sunan kasuwa da kwanan wata, ka daina "sabo" da "sabo na ƙarshe". A Excel kada ka rubuta 5000 a wani layi, "dubu biyar" a wani. In ka ba amsoshi lambobi, rubuta ma'anar kowace lamba a shafi daban, don wata uku kaɗai ya isa ka manta. Ka fara gaida sarkin kasuwa kafin ka fito da biro. Kada ka tambayi ɗan kasuwa ribarsa a gaban maƙwabcin rumfarsa, ƙarya zai yi maka kuma da gaskiyarsa. Sunaye da lambobin wayar mutane a raba su da amsoshinsu. Amana ce, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Sai zuwa laburare a makare. Yawancinku sai an gama komai kuke leƙowa neman abin da za a cika babi na biyu, bayan kun kwashi alƙaluma daga Facebook ba ku san mai su ba. Da kun zo tun farko da na nuna muku rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, da kundin alƙaluman Babban Bankin Najeriya, da FAOSTAT, rumbun alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don noman riɗi da fitar da shi waje, da AGORA, wadda ita wannan hukumar ta buɗe a 2003 don mujallun aikin gona. Ku tambayi ma'aikacin laburarenku waɗanda makarantarku ta yi rajista da su. Sai dai ku sani alƙaluman hukuma na jiha ne ko na ƙasa, ba za su gaya muku abin da aka sayar da tiyar riɗi a kasuwar Gujungu ba. Wannan ku kaɗai kuke da shi. Don haka idan an sa hannu a kundinku, ku kawo mana bayanan tare da shafin ma'anar lambobi da nauyin mudun kowace kasuwa, an cire sunayen mutane, mu adana wa ɗalibin da zai bi kasuwannin nan bayanku.