Yadda ake gwajin antibiyogiram a ƙaramin ɗakin gwaji ba tare da zafin Garwa ya ɓata sakamako ba

Bakteriya biyu masu suna ɗaya, a ce E. coli daga fitsarin mata biyu, ɗaya amoksisilin zai kashe ta, ɗayar kuma ko gezau. Bambancin yana cikin ƙwayoyin gadonsu. Sau da yawa ƙwayar gadon da ke kawo bijirewa magani tana zaune ne a kan wani ɗan zobe na DNA da ake kira filasmid, kuma bakteriya na iya miƙa kwafin wannan zobe ga maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar daga Klebsiella zuwa E. coli a cikin hanjin mutum guda. Shi ya sa sanin sunan bakteriya bai wadatar da likita ba. Sai an gwada ta da magungunan, gwajin da ake kira antibiyogiram, kuma gwajin faifai a kan faranti, inda ake ɗora ƙananan faifan takarda masu ɗauke da magani a kan bakteriyar da aka shafa, a auna da'irar da ba ta tsiro ba kewaye da kowane faifai, shi ne wanda ƙananan asibitoci a Garwa, Marwa da Kusuri a arewacin Kamaru za su iya yi da kayan da ke hannu.

A fara da farantin. Ana dama garin Mueller-Hinton, wato agar ɗin da bakteriya ke tsirowa a kai, bisa awon da ke jikin gwangwani, galibi giram 38 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, a dafa a otokilaf, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a digiri 121 na minti 15, a bari ya huce zuwa digiri 45 ko 50. Farantin milimita 90 yana ɗaukar mililita 25, wanda zai ba da kaurin milimita 4. A auna, kada a zuba da ido. Wurin da aka fi yin kuskure ke nan, domin tsimin gari yana sa a zuba kaɗan, kuma a siririn agar magani yana bazuwa da nisa, da'ira ta yi faɗi, a rubuta wa likita cewa magani zai yi aiki alhali ba zai yi ba. Wannan shi ne kuskure mafi muni a aikin nan, don majinyaci ne zai biya shi.

A ɗebi bakteriya daga shuka mai tsabta, wato bakteriya iri ɗaya da aka raina a faranti, wadda ta kwana ɗaya, sa'o'i 18 zuwa 24, a dama a ruwan gishiri na kashi 0.85 cikin ɗari har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5. In babu na'urar aunawa, a haɗa ma'aunin da hannu: mililita 0.5 na bariyom kulorayid mai ƙarfin kashi 1.175 cikin ɗari da mililita 99.5 na ruwan asid salfurik mai kashi 1. A girgiza shi sosai kafin kowane amfani, a kwatanta kwalaban biyu a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka. Damu mai kauri yana ƙanƙanta da'ira, mai ruwa-ruwa yana faɗaɗa ta.

Daga nan agogo ne ke mulki: minti 15 tsakanin damawa da shafawa, minti 15 zuwa ɗora faifai, minti 15 zuwa shiga na'urar ɗumama. A shafa da tsinken auduga ta fuska uku, ana juya faranti. Faifai shida ne iyaka a farantin milimita 90, kuma wanda ya taɓa agar ba a ƙara motsa shi.

Su faifan suna da nasu lalura. Ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 da 8 tare da abin shanye laima, kuma ba a buɗe robarsu sai ta daina sanyi, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansu. Masu ɗauke da asid kilabulanik da imipenem su ne ke fara lalacewa, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa. Mataccen faifai yana nuna bijirewar ƙarya, likita ya tsallake magani mai araha ya koma wa mai tsada.

Ana so na'urar ɗumama ta tsaya a digiri 35 na sa'o'i 16 zuwa 20. To, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma yawancin na'urorin nan ɗumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa. In ɗakin ya fi 35 zafi, cikin na'urar ma ya fi. A sa ta a ɗakin da ya fi sanyi, a ajiye ma'aunin zafi a ciki, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Lokacin hunturu kuma iska tana busar da agar, don haka farantan da ba a yi amfani da su ba a ɗaure su a leda a firji.

Washegari a auna faɗin da'ira da rula daga bayan faranti, a kan baƙin abu, a kwatanta da jadawalin shekarar da ake ciki na CA-SFM ko EUCAST, kwamitocin Faransa da na Turai masu tsara ma'aunin wannan gwaji. Tun 2019 harafin I a sakamakon EUCAST, wanda ke tsakanin S (magani zai yi aiki) da R (ba zai yi ba), yana nufin maganin zai yi aiki in an ƙara yawansa, ba a jefar da shi ba.

A nan ne faranti ke tona asirin ƙwayoyin gado. Don gano BLSE, sinadarin da bakteriya ke kerawa ta farfasa seftiriyakson da danginsa, a sa faifan amoksisilin mai kilabulanik a tsakiya, sefotaksim da seftazidim a gefe, tazarar milimita 20 zuwa 30 daga tsakiya zuwa tsakiya. In da'irarsu ta kumbura ta miƙa wajen faifan tsakiya, akwai BLSE, kuma CTX-M-15 ita ce irin BLSE da aka fi samu a duniya. Filasmid ɗin da ke ɗauke da ita kan haɗa da bijirewa jentamisin da kotirimoksazol, saboda haka a duba su da kyau. Ga Staphylococcus aureus, faifan sefoksitin na maikurogiram 30 ake amfani da shi: da'ira ƙasa da milimita 22 tana nuna ƙwayar gadon mecA, kuma kuloksasilin da amoksisilin da seftiriyakson duk sun fita daga lissafi. Kolistin kam ba a gwada shi da faifai, domin ba ya bazuwa a agar yadda ya kamata.

Duk mako, da duk lokacin da aka buɗe sabon gari ko sabbin faifai, a gwada E. coli ATCC 25922, bakteriyar ma'auni wadda aka riga aka san faɗin da'irorinta. In da'irorinta sun fita daga iyakar da jadawali ya tsara, a dakatar da fitar da sakamako har a gano inda matsalar take. Bakteriyar da ta bijire wa imipenem kuwa a sake gwada ta da sabon faifai, a sanar da likita nan take domin a killace majinyacin, a adana ta, a tura ta babban ɗakin gwaji kamar reshen Centre Pasteur da ke Garwa don tabbatarwa.