Yadda nake duba harajin gidana a gundumar Cook

Da na sayi gida a Shikago, birnin da ke gundumar Cook a Amurka, takardar haraji ta fara ruɗa ni. Ga yadda nake yi yanzu.

Nemi lambar filinka mai alƙaluma 14, tana saman takardar. Saka ta a shafin intanet na ofishin ƙiyasta kadarori na gundumar, za ka ga darajar da aka yi wa gidan. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan a kasuwa ake ɗauka a matsayin wannan daraja, kuma duk shekara uku ake sabunta ƙiyasin. In sun ƙara maka ɗakin da babu shi, ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya wuce.

Sai rangwamen haraji da ake yi wa mai zama a gidan da ya mallaka. Ni sakaci ya sa na yi shekara guda ban nema ba.