Gyaran tsohon kwamin shayar da dawaki a Ingila don ya zama abin tunawa

A garuruwan Ingila har yau ana ganin manyan kwamaye na dutsen giranit a bakin titi. Da yawansu aikin wata ƙungiya ce da aka kafa a Landan a 1859 don samar wa jama'a ruwan sha kyauta, wadda a 1867 ta ƙara da shayar da dabbobi. Wasu har da ɗan ƙaramin kwami a ƙasa domin karnuka.

Kafin a taɓa komai, a duba ko kwamin yana cikin rajistar kayan tarihi ta Historic England, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi a Ingila. In yana ciki, ko matsar da shi sai da izinin ƙaramar hukuma. A ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, a auna, a kwafe rubutun jikinsa.

Wanki da ruwa ne da buroshi mai laushi. In gansakuka ta kama, a sa injin tururi a hankali. Ban da asid, ban da buroshin waya: asid yana cin fuskar dutsen ya bar tabo, wayar kuma tana barin ɓurɓushin ƙarfe da zai yi tsatsa.

Babbar cutar waɗannan kwamaye ita ce ƙarfen da magina suka ɗaure duwatsun da shi. Ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga dutsen daga ciki. Alamarsa jan tabo a bakin haɗi, da tsaga da ta taso daga nan. A haƙe tsohon ƙarfen duka, kada a bar ko guntu, a maye da ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316. Sannan a cike haɗin da kwaɓin garin laim (farar ƙasar gini) mai lamba NHL 3.5, awo ɗaya a yashi awo uku, a rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. Siminti kuwa a guje shi, don yana riƙe danshi, kuma ranar da za a cire shi da gefen dutsen yake tafiya.

In za a ɗaga kwamin, a tuna mita ɗaya ta kowace fuska ta giranit ta kai tan 2.7. Da faffaɗan maɗauri na zare ake ɗagawa, sarƙa tana ɓantare baki.

Yawancin garuruwa furanni suke shukawa a ciki. To, lallai a buɗe magudanar ƙasan, a zuba tsakuwa kafin ƙasa. Ruwan da ya kwanta yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare a hunturu, ya buɗe kowace tsaga.

Rubutun da ya dushe kada a sake sassaƙa shi, hannun masassaƙin farko ne. Sunayen waɗanda ake tunawa da su a sa su a allon tagulla a gefe, kan ginshiƙinsa daban, ba tare da an huda kwamin ba.