Ku daina kashe kuɗinku a kan tayar da aka sake wa fata ba ku san kanta ba

Na gaji wallahi. Duk wata sai wani ƙanenmu da ya samu Hilux ko tsohuwar Land Cruiser ya kira ni wai Yallaɓai taya ta yi min bindiga a daji, in ka bi ba'asi sai ka ji irin tayar nan ce da aka sake wa fata, kuma kuskuren dai guda ne ake ta maimaitawa. Shekarata goma sha ina kai kaya kasuwannin ƙauye ta wajen Gashuwa, Yusufari har Tulo-Tulo inda yashi ke haɗiye mota, saboda haka ba labarin kanzon kurege zan ba ku ba.

Farko dai ni ban ce tayar haramun ba ce. Jiragen sama ma ana sake wa tayoyinsu fata sau da yawa, manyan tireloli a Turai da Amurka da ita suke aiki. A kamfani ana duba gangar tayar, a goge tsohon haƙorin, a manna sabon roba a gasa shi da zafi har ya kama. In gangar lafiyayya ce aikin yana kyau. To matsalar ita ce mafi yawan abin da ake sayar mana da wannan sunan ba shi ba ne sam.

Nan ne aka fara cin kuɗina. Na je sayen taya huɗu 7.50R16, mai shagon ya fito min da wasu baƙaƙe wuluk suna sheƙi, haƙora zaƙo-zaƙo, ya ce Alhaji wannan sabuwar fata ce daga waje, rabin kuɗin sabuwa. Na biya ina murna har da yi masa godiya. Ashe tsofaffin tayoyi ne da suka yi sanƙo, aka sa wuƙa mai zafi aka sassaƙa musu sabon zane a cikin ɗan robar da ya rage, aka shafe su da baƙin mai. Ba a ƙara musu komai ba, ragewa ma aka yi! Sati uku ban cika ba wayar cikin tayar ta fara leƙowa, ɗaya kuma kututturen ƙaya ya huda ta kamar an soka wa balan-balan allura. Tayar manyan motoci akwai wadda aka yi ta da kauri don a sake yanka ta, kuma a rubuce yake a jikinta, amma ta ƙaramar mota in aka yanka an gama da ita. Yanzu ni abin da nake yi, ina tura makullin mota cikin ramin zanen, in na ji ƙasan da kaushi ko layin a karkace kamar yaro ya zana, ko na hango waya, sai in kama gabana. Ta gaske za ka ga gaɓar da sabuwar fatar ta haɗu da tsohuwa a kafaɗar tayar, zagaye ɗaya lafiya lau. Ku kuma sani tayar gwanjo da wadda aka sake wa fata suna cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su Najeriya, in ban da ta manyan motoci daga 11.00x20 zuwa sama da ake kawowa don a sake musu fata. Kenan duk mai ce maka daga waje ta zo, tambaye shi ta wace hanya.

Kuskure na biyu laifina ne ni kaɗai, shi ne kuma ya fi min ciwo. Daga baya na samu na kirki guda biyu na sa a baya. Kowa ya san in za ka shiga yashi sai ka sassauta iska, ni nakan sauke ta zuwa 18 a gejin auna iska don tayar ta baje ta hau kan rairayi. Ranar na fito daga daji da buhunan gero fal bayan mota, rana tsaka a watan Afrilu, na hau kwalta, ga famfo a bayan kujera amma lalaci ya hana ni tsayawa, na ce bari in kai gari mai faci ya buga min. Na take mota har ɗari da wani abu. Ban yi nisa ba na ji wani fat fat fat sai ƙara kamar an harba bindiga, fatar ta ɓare gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba, ta doki bodi ta lanƙwasa shi, ta tsinke min tiyon birki. Allah ne ya sa ta baya ce, da yanzu sai dai ku ji labari. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa duk juyi, lanƙwasar nan ke haifar da zafi, zafi kuma shi ne ajalin mannin da ke riƙe fatar. Ga lodi, ga gudu, ga kwalta kamar kasko, me kake so ta yi? Sabuwar taya ma ba za ta yafe maka wannan ba balle wadda aka sake wa fata. Tun ranar ko mutum mutuwa yake a gidan gaba sai na tsaya bakin kwalta na mayar da iska, minti goma sha biyar ne kacal. Amma ku samarin yanzu ba kwa ji, ko geji ba ku da shi, sai dai mutum ya harbi taya da ƙafa ya ce ta yi.

Kada ka sa tayar da aka sake wa fata a gaba. Wasu za su ce ai suna sawa lafiya, su ta shafa, ni ba na sawa, Amurka ma doka ta hana sa ta a gaban bas.

Sannan mutane na kallon haƙori su manta gangar tsohuwa ce. Duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, 2319 yana nufin sati na 23 na shekarar 2019, in lamba uku ka gani to tun kafin 2000 aka yi ta, ka bar musu kayansu. Ni gangar da ta wuce shekara shida ba na taɓawa ko da fatar jiya aka sa. Gefe mai tsattsagewa ko wadda ta yi ƙulu ko mai faci a bango, babu ciniki. Hanyar duwatsu irin ta hawan Mambila gefen taya take ci, sabuwar fata kuwa ba ta ƙara wa gefe komai, a can gara ka daure ka sayi sabuwa.

Haɗa mai sabuwar fata da wata iri daban a layi ɗaya, wato hagu da dama, shi ma shirme ne, musamman in za ka sa giyar ƙafa huɗu, tsayinsu ba ɗaya ba. Safaya kuma ta zama ta kirki, biyu ma in daji za ka nutsa.

Yanzu tsarina shi ne sababbi biyu a gaba, masu sabuwar fata biyu a baya lokacin rani da nake yawan yashi da burji, ba na wuce tamanin a kwalta, kuma duk inda na tsaya salla ko shan shayi sai na ɗora tafin hannu a kansu. In ɗaya ta fi 'yar uwarta zafi, ba na tashi sai na ciro geji.