Kafin ku sayi tsohuwar azurfar Ingila

'Yan uwa, in aka kawo muku tsohon cokali ko butar shayi aka ce azurfar Ingila ce, ku fara juya bayanta. Maƙeran can sukan kai aikinsu a gwada, sannan a buga masa 'yan ƙananan tambura. Zaki mai tafiya, ƙafa ɗaya a ɗage, shi ne shaidar azurfa kashi 925 cikin 1000. Tambarin kan damisa, a Landan aka gwada ta ke nan. In kuwa EPNS kuka gani, ruwan azurfa kawai aka yi wa wani ƙarfe.

Don Allah kar a dirje ta da toka ko soson ƙarfe. Na taɓa ganin cokalin da dirza ta cinye tambarinsa, abin ya sosa min rai. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa, sai a tsane da ƙyalle mai laushi.