Kurakuran da ɗalibai ke yi wajen neman tallafin karatun ICAN

Duk wanda ya taɓa raka ƙane ko ɗa a hanyar zama ƙwararren akanta ya san ba ƙwaƙwalwa ce ke fara gajiya ba, aljihu ne. Hukumar ICAN, wato hukumar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1965, tana da matakan jarrabawa uku: Foundation, Skills da Professional, kuma kowanne da nasa kashin kuɗi. Tallafi akwai shi, sai dai yawancinmu muna nemansa a baibai.

Babban kuskure shi ne rashin sanin adadin da ake nema. Ɗan yayata ya taɓa zuwa mini da takarda guda, ya ce, "Kawu, kuɗin jarrabawa kawai nake buƙata." Na ce ya zauna mu lissafa. Ga kuɗin rajistar zama ɗalibi, ga na sabunta rajista duk shekara, ga na darussan da za a ɗauke masa, ga na cibiyar da zai riƙa zuwa lacca Asabar da Lahadi, ga kuɗin mota, ga na bikin shigar da shi cikin mambobi in ya gama. Kafin mu kai ƙarshen shafi ya daina magana. Mai taimako, attajiri ne ko hukuma, ya fi sakin hannu idan ya ga lissafi a rubuce mataki-mataki. Wanda ya je da "a taimaka da abin da ya sawwaƙa", abin da ya sawwaƙa ɗin za a ba shi, kuma da kunya ya koma karo na biyu.

Batun ɗauke darussa ma yana cin mutane. Wanda ya karanta Akanta a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha da ICAN ta amince da kwas ɗinta, ana yafe masa wasu darussa, amma ba kyauta ba, sai ya nema ya biya. Wasu ba su san da wannan ba, su zauna rubuta abin da bai kamace su ba. Wasu kuma sun sani, amma ba su sa kuɗin a lissafi ba. Wanda yake makaranta yanzu, ko mai takardar sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar har da Turanci da Lissafi, ya duba tsarin ATSWA, wato jarrabawar ƙananan akantoci ta Yammacin Afirka da ICAN ke gudanarwa a Najeriya. Kashi uku ne, kuma wanda ya gama shi yana tsallake matakin farko na ICAN, wato Foundation. Tafiya sannu-sannu, kuɗin ma ana biyansa da kaɗan-kaɗan.

Sai masu ɗora rai kan NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya. Rancen nan da aka sa hannu kan dokarsa a 2024 ba ruwa a kansa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Amma na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne: kuɗin makaranta yana tafiya kai tsaye asusun makarantar, ɗalibi kuma ya karɓi na kashewa wata-wata. Ba za a biya maka jarrabawar ICAN da shi ba. Amfaninsa shi ne ya sauke wa gida nauyin kuɗin jami'a, sai abin da aka rage a karkatar da shi ga ATSWA. Kuma bashi ne, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa.

Akwai kuma rashin tambaya a inda abin yake. ICAN kanta tana da tallafi ga waɗanda suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya. Ta kuma yi haɗin gwiwa da kamfanin NNDC na Kaduna don horar da 'yan Arewa, saboda ƙarancin ƙwararrun akantoci a yankin. Ofishin reshen ICAN na garinku shi ne wurin fara tambayar abin da ke buɗe a bana. Haka hukumar tallafin karatu ta jiha. Ita kuwa kada ka je sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN da BVN, kuma sunanka ya zama iri ɗaya a kowacce. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya ajiye fam ɗinka a ƙasan tebur har wa'adi ya wuce.

Masu aiki su ma suna da nasu kuskuren. Manyan kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY, da wasu bankuna, sukan ɗauki nauyin jarrabawar ma'aikatansu. Murna kan sa a rattaba hannu ba a karanta ba. Tambayi abu biyu tukuna: shekara nawa za ka yi musu aiki bayan ka gama, kuma wa zai biya idan ka faɗi wani darasi?

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta fi ba ni tsoro. Ɗalibi ya samu kuɗi a hannu, zumuɗi ya sa ya yi rajistar dukkan darussan matakin alhali bai shirya ba, wai kada damar ta wuce. Makin cin jarrabawa 50 ne, kuma duk darasin da aka faɗi sai an sake biya. Mai tallafi kuwa da wuya ya biya abu ɗaya sau biyu. Littattafan karatu, da kuma tambayoyin baya da ake kira Pathfinder, suna shafin ICAN na intanet, ana sauke su kyauta. Ka sa agogo ka gwada kanka da su kafin ka taɓa kuɗin mutane. Idan kana samun 35 a ɗakinka, bari zangon nan ya wuce, wani na tafe.

Manhajojin rancen waya kam ban ba da shawara ba ko kaɗan: ruwa ne mai yawa, ga kiran 'yan uwa ana cin mutunci. Ɗan yayata adashe ya shiga da abokan aikinsa huɗu, ya roƙi a sa kwasarsa ta faɗo a watan rajista.