Yadda ake toshe kafar satar tallafin marasa galihu

A Oktoba 2023 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da tallafin naira 25,000 duk wata, na wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairu 2024 aka dakatar da shirin, bayan zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun mutum ɗaya, zargin da ya sa aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu. Da aka dawo da biya sai aka gindaya sharaɗin tantance lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa.

Tantancewar tana maganin sunayen bogi, amma mafi yawan ɓarnar da talaka ke gani a unguwa take faruwa, tsakanin suna a takarda da hannun da ya karɓi kuɗi.

Fara da lambobinka. Danna *346# a layin da ka yi rajista da shi ka ga NIN, *565*0# kuma ka ga BVN. Kowace lamba 11 ce. Kwatanta suna da ranar haihuwar da ke kan NIN da waɗanda ke kan BVN, harafi da harafi. Idan can an rubuta Mohammed, nan Muhammadu, ko aka sa sunan uba a gurbin naka, kwamfuta na iya ƙin biya. Gyara a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko banki tun kafin ranar biya.

Layin waya shi ne maƙogwaron lamarin. Duk wanda ya ce "kawo sim ɗin in riƙe miki, Iya" shi zai ga alat, shi zai cire. Tsohuwar da ba ta karatu ta bar layin a hannunta, ta je wurin mai POS da ɗanta ko jikanta, a karanta mata adadin, ta ƙirga kuɗin a gabansa. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga Abuja yake.

Shiga rajistar masu karɓar tallafin kyauta ce, kuma jama'ar gari ne ke zaɓo mabuƙata a taro. Mai karɓar kuɗin fom ɗan damfara ne.

Masu unguwanni su nemi a karanta jerin sunayen a bainar jama'a. Nan ake gano mamacin da har yanzu ake biyansa, da layi ɗaya mai ɗauke da sunaye goma.

In an zaftare maka, kada ka goge saƙon banki. Rubuta rana da adadi da wurin, ka kai ƙorafi ofishin rajistar na jiha, wato SOCU. In da hannun jami'i, sai hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC.